Shirun Garo

Jerko mai yankan soson teku bai taɓa yarda da kowa ba, kuma ba ya jin kunyar a sani. In ka gaishe shi da safe a bakin gaɓar tsibirin Krapanj, sai ya amsa rabin gaisuwar, ya riƙe rabin har sai ya gano abin da kake nema a wurinsa. In ka tambaye shi ina ya nufa yau, ya nuna maka kudu da haɓa, ya tada inji ya yi kudun, sai ya ɓuya bayan tsibiri na biyu sannan ya juyo arewa. Shekara arba'in yana wannan zagaye. Man da ya ƙone a banza ya isa ya kai mutum Italiya ya dawo da shi, duk don kada mutanen gidan Roko, masu yankan soso irinsa, su gane duwatsun da yake yankan soso a jikinsu. Su kuwa mutanen gidan Roko sun san wuraren nan tun kakansu yana da haƙora. Kowa a tsibirin nan namu ya san sun sani, ban da Jerko.

A sana'a dai ba a kushe shi. Yana ɗan shekara sha bakwai ubansa ya ɗaura masa dalma a ƙugu, ya goya masa tulun iska, ya tura shi ruwa. Soso a ƙasan teku baƙi ne mai yauƙi, ko kaɗan bai yi kama da na wanka ba, amma Jerko yana gane shi daga nesa yadda mace ke gane tukunyarta cikin tukwanen maƙwabta. Yakan yanka ya bar tushen don ya sake tofowa. Ba ya gaggawar fitowa. Yakan tsaya saura mita uku ya kai sama, ya rataye a nan har jikinsa ya saba, domin ya ga abin da gaggawa ta yi wa ƙafafun baffansa.

Mai nutso kuwa ransa ba a hannunsa yake ba, yana hannun wanda ya bari a jirgi. Ba a jefa anga, ba a kunna inji. Na saman yana tsaye da filafilai biyu, fuskarsa gaba, yana bin kumfar numfashin na ƙasa duk inda ta ɓullo. In ya ɗauke ido na ɗan lokaci ruwa ya ja mutum, sai dai a shiga nema. Wannan aikin Perina matarsa ta yi masa shekara talatin da ɗaya, ita ce kuma kaɗai a duniya Jerko ya kusa yarda da ita. Kusa dai.

Sai Garo. Baƙin kare ne, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, Perina ta tsinto shi yana ɗan kwikwiyo a bayan kasuwar kifi ta birnin Shibenik shekara shida da suka wuce. Jerko ya ce shi ba ya son kare a jirginsa. Bayan mako biyu aka gan shi yana ɗinka wa karen rigar hana nutsewa da hannunsa, har da zobe a baya. Ya kafa masa rumfar tamfol saboda rana, ya shimfiɗa masa tsohon buhu don kada katako mai zafi ya ƙona masa tafin ƙafa, ya ɗaure kwanon ruwansa da waya don kada ya kife. Mutumin da ba ya iya yi wa maƙwabci magana biyar a jere, an sha jin sa yana yi wa kare bayanin yadda iska za ta juya da yamma. Yana son karen nan, so irin na mutumin da bai saba son abu ba.

Aibin Garo ɗaya ne: ba ya iya ganin ruwa ya rufe kan Jerko. Da zarar maigidansa ya faɗa da baya, sai ya haukace, haushi, kuka, zagaye jirgi, neman faɗawa. Perina takan matse shi tsakanin gwiwoyinta tana tuƙi tana zaginsa, a haka aka yi ta lallaɓawa. Da bazarar bara ƙugunta ya ƙi, likitoci suka sa mata ƙarfe suka ce ita da jirgi sai kallo. Jerko ya gwada wani maƙwabci. Sau biyu Garo yana ɓalle igiya ya faɗa ruwa, na biyun saura ƙiris farfelar wani jirgin 'yan yawon shaƙatawa ta raba shi biyu. Aka bar shi a gida. Ya cinye gindin ƙofa, ya ƙi abinci kwana uku, ran na huɗu ya tsallake katanga ya biyo jirgin da iyo har sai da aka tsamo shi yana aman ruwan gishiri.

"Ɗauki Dunko," in ji Perina, tana zaune ƙafarta a kan kujera tana gyaran wake.

"Wane Dunkon? Kuku?"

"Ƙannena guda nawa ne?"

"Mutumin da ya aurar da 'yarsa gidan Roko? Ki ce in ɗauki Rokon da kansa mana, in ba shi takarda da biro ya zana wuraren."

"Kai dai tsohon nan, ko inuwarka ka ga tana bin ka sai ka tambaye ta wa ya aiko ta. Ka ɗauke shi, ko ka zauna nan ka taya ni gyaran wake har ƙarshen rayuwarka."

Dunko ya yi shekara talatin yana dafa abinci a manyan jiragen dakon kaya, ya dawo gida da tumbi da labarai da wani baƙin tabarau da ba ya rabuwa da shi. Tun dawowarsa yake zaman bencin tsofaffi a gaban coci, shi da bai kai sittin ba. Da aka yi masa maganar, ya yi jim har Perina ta fara tsaki, sannan ya ce to.

Ranar farko Garo ya yi kukan da aka ji har gaɓa. Rana ta biyu ma haka. Dunko ya ce, "Mijin yaya, ka bar ni da shi. Na zauna da matuƙa arba'in masu yunwa a jirgi ɗaya, kare guda ne zai gagare ni?" A rana ta shida Jerko ya ɓullo daga ruwa, ya tura gilashin fuskarsa sama, ya kasa kunne. Tsit. Jirgin na nan dab da shi, Garo na tsaye a goshinsa yana kaɗa wutsiya, ba haushi ba kuka.

Jerko ya yi murna, gaskiya ya yi. Murnar ta raka shi har bakin gaɓa, a nan ta sauka. Yana ɗaure jirgi tambayar ta zo masa: abin da ya gagari Perina shekara shida, yaya aka yi kuku ya iya shi a kwana shida?

Daga ranar ya sa ido, kuma wanda ya sa ido irin na Jerko ba ya rasa abin gani. Dunko ya ɗauke shimfiɗar karen daga tsakiyar jirgi ya mayar da ita can goshi, ya matsar da rumfar ma, ko shawara babu. Ya kawo wata siririyar igiya, ya ɗaura bakinta ɗaya a zoben rigar Garo, ɗayan a bel ɗinsa.

"Wannan fa?"

"Don kada ya faɗa."

"Yana da igiya ai, ga ta nan a ɗaure da ƙarfe."

"Biyu ta fi ɗaya, mijin yaya. Kai ma bel da igiyar wando kake haɗawa, na gani."

Jerko bai yi dariya ba. Ya lura kuma duk sanda ya fito daga ruwa ya hau jirgi, hannun Dunko na fitowa daga aljihu yana shiga bakin karen. Ya lura Garo ya daina korar kyanwowi da yamma. Da sun dawo sai ya sha ruwa ya baje a tsakar gida, barci kamar gawa, ko ƙuda ba ya kora. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne wanda yake gani daga ƙasa. In ya tsaya a mita ukun nan nasa ya ɗaga kai, sai ya ga cikin jirgin a samansa, da wani baƙin kai a leƙe ta goshi, ba ya motsi ko kaɗan, ya kafe shi da ido kamar wanda aka yi wa asiri. Kare mai lafiya ba ya tsayawa haka, in ji zuciyar Jerko.

Wata rana Dunko ya tuɓe rigarsa ta sama ya hau gaɓa sayen burodi. Jerko ya duba hagu ya duba dama, ya zura hannu a aljihun. Ɓarɓashin busasshen cuku. A ɗaya aljihun kuwa, wata 'yar kwalba mai bakin ɗigo, an kankare takardar jikinta tas da wuƙa. Wa ke kankare sunan magani in ba mai ɓoye wani abu ba? Ya shinshina, ba wari. Ya mayar da ita yadda ya same ta. Maganin barci ne, ya gama yanke hukunci. Ana ɗiga shi a cuku, ana ba karensa kullum, yana cin hantarsa a hankali. Kuma mutumin da zai yi wa dabba haka don ya samu sakewa, me yake yi da sakewar? Me yake kallo ta bayan baƙin tabarau, wa yake bugawa waya, alhali wani na ƙasan ruwa ya bar masa ransa?

Ya kai wa Perina maganar. Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu.

"Dunko? Wanda ke kwashe gizo-gizo a kofi ya kai waje? To ka tambaye shi mana."

"In tambaye shi ya shirya mini ƙarya?"

"To kada ka tambaye shi, zauna ka dafa kanka. Karen ya gaji ne, yini yake a rana."

"Da can a inuwar coci yake yini?"

Ranar Litinin ya ce yana da aiki a Shibenik, ya ɗauki Garo a ɓoye ya kai shi wurin likitar dabbobi. Ta duba ido, ta duba harshe, ta ɗebi jini, ta ce ta daɗe ba ta ga kare mai lafiyar wannan ba. Jerko ya yi godiya ya fito. Kafin ya kai tashar jirgi ya tuna likitar yarinya ce, kuma ta yi saurin amsawa, kuma akwai magungunan da ba sa fita a jini. Ya dawo gida da zarginsa cif, har da ɗan ƙari.

Ya kwana biyu yana saƙawa, ya samo dabara, kuma ya ji daɗin kansa ƙwarai. A gaban jirgin akwai ɗan ɗaki da ake ajiye raga da tuluna, mai ƙofar katako da 'yar taga. Zai kulle Garo a ciki tun kafin Dunko ya taɓa shi, ya tafi da makullin ƙasan ruwa. Ba cuku, ba ɗigo. In ya fito ya tarar karen na ihu, to shirun kwanakin nan daga kwalba yake fitowa, kuma a ranar kuku zai koma bencinsa.

Ƙarshen watan Agusta ne, da hantsi, iskar kudu ta fara tasowa, ruwan na ja ta gefen dutsen. Jerko ne ya tuƙo su kamar kullum, don ba ya ba kowa sitiyari. Ya kashe inji, ya sa rigar roba, ya goya tulu. Sannan ya kira Garo, ya shigar da shi ɗakin da kwanon ruwa, ya buɗe tagar, ya ja ƙofa ya datse kwaɗo.

Dunko ya ji ƙarar kwaɗon ya juyo. "Me ka rufe?"

"Karena."

"Buɗe shi."

"Yau a ciki zai zauna."

"Mijin yaya, bar wasa. Buɗe shi ya zo wurinsa." Muryar Dunko ta sauya, babu raha a cikinta ko ɗis, kuma wannan ya ƙara wa Jerko tabbaci.

"Ka damu da yawa, kuku. Mene ne a cikin kwalbar nan ta aljihunka?"

Dunko ya kai hannu kan aljihun ya dafe.

"Laluben kayana kake yi?"

"Na tambaye ka mene ne a ciki."

"Ba ruwanka da ita. Ba ta shafi karen ba, wallahi."

"To ai shi ke nan. In ba ta shafe shi ba, yau za mu gani." Jerko ya cusa makullin cikin hannun rigarsa, ya zauna a gefen jirgi, ya ja gilashi ya rufe fuska.

"Kada ka shiga yau. Jerko! Tsaya in gaya maka wata mag..."

Ruwa ya rufe kansa, sauran maganar ta tsaya a sama. A ransa ya ce, ka adana ta, in na fito ka faɗa da hujja a gabanka.

Ƙasa ta yi masa kyau ranar. Soso ya yi yawa a jikin dutsen, ya bi shi yana yanka yana cusawa a raga, ruwan na tura shi gaba a hankali, shi kuwa bai damu ba, ai aikin na sama ne ya biyo shi. Ya fi rabin awa. Da iskarsa ta yi ƙasa ya taso a nitse, ya tsaya a mita ukunsa, ya ɗaga kai.

Babu jirgi. Haske kawai, fetal.

Abin da ya fara zo masa shi ne, ya gudu, munafukin ya gudu ya bar ni. Duk da haka ya daure ya cika tsayuwarsa, don tsoron shanyewar ƙafa ya fi fushi ƙarfi. Sannan ya ɓullo.

Jirgin na can baya, nisan da mutum ya koma kamar ɗan yatsa. Bai gudu ba. Juyi yake yi a wuri ɗaya, goshinsa ya kalli nan ya kalli can. Dunko na tsaye a tsakiya yana ƙwala kiran sunansa, iska na kawo guntun kiran, amma ya ba shi baya, tekun banza yake yi wa kira. Jerko ya yi ihu, iskar ta mayar masa da ihunsa. Ya hura jan balan-balan ɗin da masu nutso ke ɗagawa, mai tsawon mutum, ya ɗaga shi yana kaɗawa. Dunko ya juyo. Fuskarsa ta zo daidai saitin Jerko, rana tsaka, ba hazo ba komai, jan abu na rawa a kan shuɗin ruwa. Fuskar ta wuce shi ta ci gaba da juyawa.

Nan Jerko ya fara gane cewa Dunko ba ya ganinsa. Ya sake kaɗawa. Dunko ya sake juyowa, ya sake wuce shi. Ruwan kuwa bai tsaya jiran kowa ba, yana jan sa zuwa mashigin da ke tsakanin tsibiran biyu, inda daga nan sai faɗin teku. Ya saki ragar soson, ya kwance dalmar ƙugunsa ta nutse, ya fara iyo. Shekara sittin da uku, ga tulu a baya, ga ruwa na gaba da shi. Duk bugun da ya yi jirgin sai ƙara ƙanƙancewa yake. Ya ji tsoro, irin wanda bai taɓa ji a ƙasan ruwa ba.

Sai ya ji duka, gwaf, gwaf, gwaf, ƙarfe a kan katako. Ya hango Dunko a durƙushe a gaban jirgin yana ɗaga anga yana saukewa. Can wani baƙin abu ya fito a guje, ya haye goshi, ya dawo ta dama, ya koma ta hagu, ya tsaya cak, rabin jikinsa a waje. Haushi ɗaya ya yi. Dunko ya lalubo shi, ya yi ɗan ɗaure-ɗaure, ya miƙe ya kama filafilai. Goshin jirgin ya juyo sannu a hankali har ya kalli Jerko sosai, ya taho. In ya karkace, karen ya jingina gefe guda, sai jirgin ya gyaru. Dunko bai kunna inji ba. Da ƙarfin damtse ya zo, kusan minti ashirin, yana tuƙi yana kira.

Da Jerko ya kama tsani ya hau, ya zube a kan katako yana haki. Abin da ya fara gani jini ne, sawu-sawu tun daga ƙofar ɗakin da aka farfasa har goshin jirgi. Cikin ƙofar duk ya kakkarce. Garo na tsaye yana rawar jiki, ƙafafunsa na gaba jina-jina, farce biyu sun cire.

Dunko ya zauna daɓas. Tabaransa ya faɗi wani wuri, bai neme shi ba. Idanunsa na kallon inda yake jin numfashin Jerko, amma sun ɗan kauce, kafaɗarsa suke kallo.

"Tun yaushe?" in ji Jerko.

"Shekara biyu. Bana ya fi tsanani."

"Me kake gani?"

"Haske. Inuwar abu in babba ne kuma yana kusa. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar ce ke mutuwa. Kwalbar ta ido ce. Na goge sunan don kada Yaya ta karanta."

"Kumfar fa?"

"Ban taɓa ganin kumfarka ba, mijin yaya. Ko sau ɗaya."

Jerko ya yunƙura ya zauna. "Wata uku! Wata uku ina shiga ruwa makaho na gadina?"

"Ba ni ke gadinka ba, shi ne." Dunko ya miƙa hannu, karen ya ɗingiso ya sa kai a ciki. "Kwana biyun farko da kukansa na bi ka. Duk inda kumfar take nan yake fuskanta yana ihu, na gane ke nan. Ba hauka yake ba, so yake a bi ka, ba wanda ya saurare shi. Na kai shi gaba inda zai gani da kyau, na ɗaura igiyar a jikina. Ya ja dama in yi dama, ya ja hagu in yi hagu. Da ya ga jirgin na zuwa inda yake so, sai ya yi shiru. Shi ke nan maganin. Cukun ladansa ne. Yini yake bai ƙifta ido ba, ya za a yi ba zai yi barci ba?"

"Da ka faɗa mini."

"Da na faɗa, da ka mayar da ni benci a ranar. Na yi laifi, na sani, ba ni da hujjar wanke kaina. Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Amma kai ma da ka tambaye ni kamar mutum, ba ka shiga aljihuna ba..." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ka yi mini abu ɗaya. Kada ka gaya wa Yaya. Ni zan gaya mata, ka bar ni in samu bakin."

Jerko ya matsa ya miƙa hannu zai duba ƙafar Garo. Karen ya janye. Bai yi gurnani ba, bai nuna haƙori ba, ya dai ja da baya ya shige bayan ƙafafun Dunko ya leƙo. Jerko ya kira shi da muryar da yake kiransa kullum. Garo ya kalli hannun, hannun da ya tura shi ɗaki ya ja ƙofa, ya kawar da kai. Dunko ne ya yage rigarsa ta ciki, ya wanke ƙafafun da ruwan sha, ya naɗe su da lalube, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Suka iso gaɓa. Dunko ya hau, Garo ya bi shi da ɗingishi, ya manna kafaɗa a gwiwarsa, suka kama hanya tare. Jerko na riƙe da igiyar jirgi ya yi fito sau biyu. Karen ya waiwayo, ya tsaya kaɗan, ya ci gaba.

"Yau da wuri haka?" in ji Perina. "Ina soson? Ina Garo?"

"Ya bi Dunko."

"Ya bi Dunko kamar yaya? Me ka yi?"

Ya gaya mata. Ya faɗi kwaɗon, ya faɗi makullin, ya faɗi faratan. Ya ce ruwa ne ya ja shi nesa, hankalin Dunko ya tashi ya fasa ƙofar. Maganar ido bai taɓa ta ba, don haka laifin duka ya zauna a kansa shi kaɗai, kuma bai yi ƙoƙarin rage shi ba. Perina ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta dube shi ta ce, "Wata uku kana neman wanda ke cutar karen nan."

Da yamma ya zuba abinci a kwanon Garo ya ajiye a bakin ƙofa, ya bar ƙofar a buɗe. Kyanwowin maƙwabta suka cinye. Washegari ya sake zubawa, har da kan kifi. Kwana uku yana ciyar da kyanwowi. Ran na huɗu Perina ta ɗauki kwanon ta wanke, ta goge, ta naɗe shi da buhun shimfiɗar, ta miƙa masa.

"Kai masa kayansa."

Ya ratsa lungun da rana, kwano a hammata, mutane na gaishe shi yana amsawa. Garo na kwance a dokin ƙofar Dunko, ƙafafunsa a naɗe da farin ƙyalle, idonsa a cikin ɗakin inda Dunko ke laluben butar kofi. Ya ɗago kai ya ga Jerko, ya buga wutsiya a ƙasa sau ɗaya, bai tashi ba. Jerko ya durƙusa ya shimfiɗa buhun a inuwa, ya cika kwanon da ruwa, ya tura shi kusa da bakin karen don kada ya taka ƙafar.